Wai Maganin Yanzu Ba Ya Ci

Yau dai ba labarin soyayya na kawo muku ba, masu jiran ci gaban littafi ku yi mini afuwa sai fitowa ta gaba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk shekara idan hunturu ya kama, gari ya cika da tari da atishawa, sai ta dawo mini sabuwa fil.

Maganar ita ce wadda kowa a cikinmu ya taɓa ji, ko ma ya faɗa da bakinsa, wato “maganin yanzu ba ya ci.” Za ka ji ta a gidan suna, za ka ji ta a cikin mota, za ka ji ta a zauren ta’aziyya. Wani ya ce jabu ne ya yi yawa, wani ya ce Bature ne ya rage wa maganin ƙarfi don a yi ta saye, wata kuma ta ce ai ita jikinta ne ya saba da shi, shi ya sa yanzu sai ta sha biyu a maimakon ɗaya. Kowa da fassararsa, amma dai an haɗu a kan abu guda: kafson da a da ake sha kwana uku tari ya kwanta, yanzu sai a shanye kati biyu ƙirji yana nan yana kuka. To wannan gaskiya ne, ba ƙorafin tsofaffi ba ne kawai. Abin da nake so mu duba shi ne, wa ya kashe wa maganin kaifi, kuma wa yake biyan bashin.

Ni mutuniyar Balan ce ta ƙasar Gaya, can aka yanke mini cibiya, ko da yake aure ya kawo ni birni tun da daɗewa. Duk wanda ya san garuruwanmu na gabas, daga Wudil ka miƙa Gaya, ka ratsa ƙauyuka har Ajingi, ya san yadda ake neman lafiya a can. Idan yaro ya kwana yana tari, ba asibiti ake fara tunawa ba, kemis ake tunawa, domin shi ne a kusa, shi ne ba ya rufewa da wuri, shi ne kuma zai iya ba ka bashi don ya san ubanka. Sunansa ma a bakin jama’a Likita ne. Za ka tsaya a bakin kanta ka ce, “Likita, yaron nan ne tari ya hana mu barci.” Ba zai tambaye ka kwana nawa ba, ba zai ce a kawo yaron ya gani ba, tambayarsa ta farko ita ce, “Na nawa za a ba ka?” Idan ka ce na ɗari uku, sai ya ɗauko almakashi ya yanko maka kafso huɗu daga jikin kati, ya haɗa da farasitamol da wani ɗan rawaya na mura, ya ƙulle a farar leda. Sunan wannan haɗi. Idan Allah ya sa an ji sauƙi bayan an sha biyu, sai uwa ta ɗaga sauran biyun ta sa a cikin kwalla ko saman katanga, ajiyar wata rana, ko kuma maƙwabciya ta aiko a sam mata.

Ban da kemis akwai masu tallan magani a tire ko a akwati, suna bin kasuwa kasuwa, rana tana dukan maganin tun safe har la’asar. Su kuma ba a ma kiran sunan magani a wurinsu, launi ake kira, a ba ni ja da baƙi, a ba ni ja da rawaya. Haka muka taso muka gani. Ampiclox kuwa har jarirai sababbin haihuwa ake ɗiga wa, wai don wanke dattin ciki, Septrin kuma ya zama kamar gishirin miya, babu ɗakin da za ka rasa shi.

Waɗannan magunguna su ne ake kira antibayotik, aikinsu kashe nau’in ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, irin masu haddasa limoniya da tarin fuka da mashaƙo. Amma mafi yawan mura da tarin hunturu ba bakteriya ke kawo su ba, wani nau’i ne daban da ake kira bairos, shi kuwa ko buhu guda na kafso ka shanye ko gezau ba zai yi ba, kwanakinsa zai yi ya wuce da kansa. Mutum ya sha haɗi a rana ta uku, mura ta sake shi a rana ta shida kamar yadda da ma za ta yi, sai ya ce kai, Likita ya iya haɗi.

To ina illar take, tunda an warke? A nan ne nake so masu cewa jikinsu ya saba da magani su saurare ni da kyau. Ba jikinki ne ya saba ba ’yar’uwa, ƙwayar cutar ce ta koyi yadda za ta kauce masa. A cikin hancin kowannenmu da maƙogwaronsa da hanjinsa akwai bakteriya miliyoyi suna zaune, wasu ma amfani suke yi mana. Duk lokacin da antibayotik ya shiga jiki, sai ya kashe masu rauni, ’yan ƙalilan masu taurin kai su tsira. Da ma cunkoso ne ya hana su sakewa, yanzu an share musu fili, sai su yi ta hayayyafa, wasu nau’in cikin minti ashirin ɗaya ta zama biyu. Har ma sukan miƙa wa junansu wannan dabara ta kauce wa magani, kamar yadda mata ke miƙa wa juna sirrin girki ta kan katanga. Duk manomin Balan ya san wannan karatu ba tare da ya je makaranta ba, domin ya ga yadda ake yi wa wake feshi da ruwan magani tsararo don a yi tattali, bana ƙwari su mutu rabi, baɗi ka fesa musu suna kallonka. Mu da muka haura arba’in kuma mun ga ƙarshen kulorakwin da idonmu. Maganin da muka sha muna yara, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi, yana kayar da zazzaɓi nan take, a hankali ya daina aiki, har a 2005 Nijeriya ta sauya shi da wani a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Ba jikinmu ne ya canja ba, cutar ce ta canja.

Abin mamaki, wanda ya gano penisilin ɗin kansa, wato Alexander Fleming na ƙasar Birtaniya, da ya gano shi a 1928, bai ɓoye wannan ba. A jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa akwai ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayar cuta jure masa. Kai ka ce mutumin nan ya taɓa tsayawa a bakin kemis ɗin garinmu.

Bari in ba ku labarin da ya sa wannan magana ba ta barina in yi shiru. Ba zan kama suna ba, domin masu abin suna raye, wasunsu.

Ɗan yayana ne, saurayi mai ƙarfi, manomi da damina, ɗan ci-rani da rani. A hunturun 2014 ya fara wani tari, aka ce sanyi ne. Ya yi ta karɓar haɗi, da ya ƙi ci aka ce a ba shi mai ƙarfi, aka ba shi Cipro. Ya sha sai tarin ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke, bayan sati uku ya dawo. Daga baya ne wani ma’aikacin lafiya ya bayyana mana cewa irin wannan maganin yana ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, ya kwantar da ita ba tare da ya kashe ta ba, sai ya rufe wa mutane ido su daɗe ba su gane abin da ke damunsu ba. Wata huɗu ana wannan, yaro yana ramewa, yana jiƙe shimfiɗa da gumi cikin dare alhali ana tsananin sanyi, sai ranar da ya tofar da kaki da jini sannan Yaya ya ce a tafi asibiti. Aka gwada kaki, aka ce tarin fuka ne.

Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wannan kowa ya riƙe. Amma yana da sharaɗi, wata shida cur ake sha kullum ba fashi, wata biyun farko magani huɗu a haɗe, wata huɗun ƙarshe guda biyu. Har fitsari yakan koma ja-ja saboda ɗaya daga cikinsu, wanda ba a gaya wa ba sai ya tsorata. Yaron nan ya fara sha, kafin wata biyu ya murmure, kumatu suka dawo, tari ya tsaya cak. Na je Balan na same shi yana ɗaure kaya zai tafi Fatakwal. Na ce, “Kai yanzu ina za ka, maganin fa?” Ya yi dariya ya ce, “Haba Goggo, dube ni fa, ai na warke sarai. In na zauna wa zai ciyar da gidan? Ga amarya, ga bashin taki.” Na ce ya tafi da katinsa, duk inda ya je akwai asibitin da za su ci gaba da ba shi. Ya ce to. Wallahi ba zan ce ƙarya ya yi mini ba, da niyyarsa ya tafi, amma wanda yake tura baro daga asuba zuwa magariba a garin da ba a jin yarensa, yaushe zai je ya bi layin asibiti a kan ciwon da ba ya ji a jikinsa?

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Da damina ta faɗi ya dawo gida da tarinsa, aka koma aka sake ɗora shi a kan magani, ya sha ya ji dama, kaka ta yi ya sake fita. Zuwan na uku a kwance aka kawo shi. Wannan karon aka kawo kakinsa birni aka sa a wata na’ura mai suna GeneXpert, wadda cikin awa biyu take faɗin ko akwai tarin fuka, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, wato babban jigon magungunan nan huɗu. Sakamako ya fito, ta bijire. Aka fara shirin ɗora shi a kan magani na biyu, amma huhun ya riga ya ci, a farkon 2016 Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ƙaddara ta riga fata, mu yi addu’a mu tashi. Amma tun kafin a yi sadakar arba’in matarsa ta fara tari. Yarinya ce ’yar shekara goma sha tara, wadda tun da take ba ta taɓa shan maganin tarin fuka ko ƙwara ɗaya ba, balle a ce ta fara ta bari. Laifinta kawai ta yi jinyar mijinta a ɗaki ɗaya mai ’yar taga da aka toshe da tsumma saboda sanyi. Aka gwada ta, sai ga shi irin ƙwayar mijin ce ta kama ta, wadda ta riga ta ƙi magani. Wata shidan da ake yi ba nata ba ne. A wancan lokaci maganin irin wannan tarin wata ashirin ne, ga allura kusan kullum har wata takwas, ga tulin ƙwayoyi masu sa amai da jiri, ga kwanciyar asibiti ta watanni nesa da gida, tana takaba tana jinya. Allurar nan kuma an san ta da taɓa ji. Ta warke alhamdu lillahi, ta yi wani auren har da ’ya’ya, amma har yau idan na je sai na zauna ta ɓangaren damanta, in ɗaga murya. Wata rana ta ce mini, “Goggo, ni abin da har yanzu ban gane ba, an ce cutar ta saba da magani, to ni yaushe na sha maganin da za ta saba da shi?” Na rasa amsar da zan ba ta a lokacin, hawaye ne kawai ya zubo mini.

Amsar tambayarta ita ce dalilin wannan rubutu. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a wannan sha’ani karin maganar ba ta cika ba, domin wani ne yake jan ruwan, wani daban ruwan yake doka. Da ciwon ƙafa ne ko na haƙori, sai mu ce kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Amma cutar numfashi a iska take tafiya, a ɗakin kwana, a sahun salla, a cikin motar haya da aka rufe gilasai, a makarantar allo inda yara hamsin ke kwana zaure ɗaya. Ƙwayar da ta koyi ƙin magani a ƙirjin wani, da karatunta take shiga ƙirjin na kusa da shi. Saboda haka ni a ganina kaifin magani kamar rijiyar gari yake. Kuɗinka ne ka sayi gugarka, gaskiya ne, amma ruwan na kowa ne, ranar da ka jefa ƙazanta a ciki ba gidanka kaɗai za a sha ba.

Kada wani ya ɗauka abin na gidanmu ne kawai. A farkon 2022 mujallar likitoci ta The Lancet ta fitar da wani babban bincike da ya duba ƙasashe 204, ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kusan miliyan 5 kuma abin yana da hannu a mutuwarsu. Cututtukan ƙirji da huhu su ne a kan gaba, kuma yankin da abin ya fi yi wa ɓarna a duk duniya, idan aka auna da yawan jama’a, shi ne namu na Afirka ta Yamma. A Nijeriya an ƙiyasta mutum 64,500 kai tsaye a wannan shekara. Mutanen da babu sunansu a jarida, an dai ce sun yi fama da tari, an yi ta magani bai ci ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yara. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2018 limoniya, wadda iyayenmu ke kira sanyin haƙarƙari, ta kashe yara ’yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Kuma maganinta na farko ba wani mai tsada ba ne, amoksisilin ne, akwai ma wanda ake narkawa a cokali don yara. Wato maganin da muke ɓarnatarwa a kan murar da za ta tafi da kanta, shi ne dai wanda ran yaro zai rataya a kansa ranar da limoniya ta gaske ta zo. Ga kuma abin takaici, gida ɗaya za ka ga an ɗura wa mai mura kafso ba dalili, a wani gidan kuma mai limoniya ya kwana uku ana shafa masa man zafi ana turara shi da hayaƙi, bai samu maganin ba sam. Ɓarna ta yi yawa a nan, rashi ya yi yawa a can.

Alhali kuwa akwai alamar da kowace uwa za ta iya dubawa ba tare da ta biya ko kwabo ba. Idan yaro yana tari, ki bari ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogon waya ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko yana ta barcin da ba a iya tashinsa, to wannan ba na kemis ba ne, a nemi abin hawa ko da tsakar dare ne. Idan kuwa hanci ne kawai ke zuba, yana wasansa yana cin abincinsa, to ruwan ɗumi da nono da haƙuri sun fi masa kafso, wanda ya haura shekara ɗaya a ba shi zuma.

Mun kuma ga abin da mashaƙo ya yi mana. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, har aka buɗe wurin jinya na musamman a asibitin Murtala tare da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF. Cuta ce ta bakteriya da ke toshe maƙogwaro, mafi yawan yaran da ta kama kuma ba su da cikakken rigakafi. Shekara da shekaru penisilin yana cikin abin da ake dogara da shi a kanta, amma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita wasu magungunan a kansa, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana ƙara samun ƙwayar da ba ta jin sa. Kun ga ke nan ana ta janye mana tsani ɗaya bayan ɗaya.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa mai kemis laifi shi kaɗai ba, ko in zagi talaka. Doka ta ce yawancin waɗannan magunguna sai da takardar likita, amma wanda ke ƙauye, likitan yana ina? Kafin ka kai babban asibitin Gaya ka biya kuɗin mashin zuwa da dawowa, ka bar aikin yini, ka yanki kati, ka bi layi, a ƙarshe a rubuta maka ka je ka saya a waje. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, a shekarar ce kuma kamfanin GSK mai Augmentin ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya sayi kafso huɗu ba don ya raina goma sha biyar ba ne, abin da aljihunsa ya kai ke nan. Masu cewa jabu ya yi yawa su ma suna da gaskiyarsu, kuma maganin da aka rage masa sinadari ko rana ta kashe shi daidai yake da rabin magani, horar da ƙwayar cuta yake yi. A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani sama da 1,300 a yankin Sabon Gari, aka tilasta wa ’yan kasuwar komawa sabuwar cibiya a Dangwauro kan titin Zariya, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma ko ba komai daga nan ne kemis ɗin ƙauyukanmu ke saro kaya, idan bakin rijiya ya gyaru da sauƙi. Sai kuma dabbobi, ku duba yadda ake zuba wa kaji ja da rawaya a ruwan sha tun suna ’yan tsaki, da yadda ake danna wa shanu allura a kai su kasuwar Wudil ranar Juma’a, duk wannan a cikinmu yake ƙarewa.

Ina da ’yar magana kuma da ’yan’uwana marubuta. A littattafan hikaya idan tauraruwa ta kwanta ciwo, shafi biyu ne, likita ya zo da jaka ya yi mata allura ya ɗaura ruwa, ta buɗe ido tana kiran sunan masoyinta, in abin ya yi tsanani Alhaji ya fitar da ita Misra ko Indiya. Matan da ke karanta mu a cikin ɗaki sun fi masu sauraron jawabin kwamishinan lafiya yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da suka gani a labari yana zama musu. Me zai hana a samu jarumin da jarumtakarsa ita ce ya shanye maganinsa na wata shida, da budurwar da ta tsaya masa tana ƙirga masa kwanaki a jikin kalanda, da uwar miji da ta buɗe taga maimakon ta ware wa suruka kwano tana yi mata gori? Domin gorin nan shi ma yana kisa, shi ke sa mutum ya ɓoye tarinsa ya yi ta bin kemis a asirce, kada a ce gidansu akwai tarin fuka a fasa auren ƙannensa.

Akwai labari mai daɗi da zan so ya kai kunnen kowa. Allurar nan da ta taɓa jin surukarmu an daina dogara da ita, tun a ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗin magani na sha zalla, wata shida, ga mafi yawan masu tarin fukan da ya bijire. Da yarinyar nan yanzu ta kamu, da wataƙila da kunnenta biyu. Sai dai shi ma sabon idan aka yi masa riƙon sakainar kashi, hanyar da na baya suka bi zai bi. Ga kuma rigakafi, allurar nan mai haɗe da kariya biyar da aka fara a 2012 tana kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da wani nau’in limoniya, a ƙarshen 2014 kuma aka fara kawo ta limoniya ta musamman, ana yin su a sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu, kyauta. Yaron da bai kamu ba ai ba ya buƙatar kafso, balle a yi maganar ya ci ko bai ci ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Duk tarin da ya kai sati biyu a je a gwada kaki, kada a tsaya haɗi. Wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka, danginsa su ɗauke masa nauyin gida na ’yan watannin nan kamar yadda ake haɗa gudummawar biki, domin da an haɗa wa ɗan yayana abin da zai riƙe gida rani ɗaya, da bai ɗaure kaya ba. In tafiyar ta zama dole, a je a gaya wa ma’aikatan su haɗa shi da asibitin garin da za shi. Wanda ma’aikacin lafiya ya ce masa murarsa ba ta buƙatar antibayotik, kada ya fita yana cewa bai iya aiki ba. Wanda aka rubuta wa kuma ya sha yadda aka ce, adadin kwanakin da aka ce, kada ya rage wa maƙwabci. Ku kuma masu kemis, kun fi kowa sanin mutanenku, kuma suna jin maganarku fiye da ta kowa, ranar da kuka ce wa mutum “Baba, wannan tarin ya wuce nan, a je a gwada,” wallahi ladan da za ku samu ya fi ribar kafso huɗu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuri’a. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya, in Allah ya kai mu.

Taku a kullum.